Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Jinyar Wanda Kodin, Tiramadol ko Allurar Fenta Suka Kama

Yawancin masu yin waɗannan tambayoyi ba su ne masu shan ƙwayar ba. Uwa ce, ko mata, ko yayan da ɗawainiyar gida ke wuyansa, kuma galibi sai an sha wahala an kashe kuɗi a wurare biyu ko uku kafin a zo ga likita. Amsoshin da ke ƙasa ba za su maye gurbin ganin likita ba, amma za su sa mutum ya san abin da zai tambaya idan ya je.

Waɗanne ƙwayoyi ake nufi a nan?

Dangin ofiyom. Asalinsu ƙaron wata fure ne da ake nomawa a ƙasashe irin su Afganistan da Miyanma, daga cikinsa ake fitar da mofin da kodin, daga mofin kuma ake yin hiroyin. Akwai waɗanda ake haɗawa a masana'anta, suna kuma aiki iri ɗaya a ƙwaƙwalwa: tiramadol, da fentazosin da ake kira fenta, da fentanil wanda ya addabi Amurka.

Wiwi da sholisho da hodar iblis da diyazifam da ezol ba sa cikin wannan dangi, kuma magungunan da za a ambata a nan ba sa yi musu aiki. Sai dai da wuya ka sami mai shan kodin da ba ya haɗawa da wani abu, shi ya sa likita ke tambayar komai dalla-dalla.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya kiyasta mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabace shi. Daga ciki, miliyan 4.6 sun sha magungunan dangin ofiyom ba da izinin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC. Kwalba ta yi tsada, amma waɗanda ta riga ta kama ba su warke don an kafa doka ba, da yawa sun koma wa tiramadol ne.

Ɗana ya rantse min har da Alƙur'ani zai daina, bayan kwana uku ya koma. Raina min hankali yake yi?

Mai yiwuwa lokacin da ya yi rantsuwar har zuciyarsa yake nufi. Jikin ɗan Adam yana da nasa sinadaran rage zafi da kwantar da hankali, kuma a ƙwaƙwalwa akwai guraben da suke sauka. Ƙwayar tana zama a waɗannan gurabe da ƙarfin da ya ninka na halitta. Idan abin ya ɗauki watanni, ƙwaƙwalwa sai ta sake saiti: ta rage jin tasirin ƙwayar, shi ya sa kwalba ɗaya ke komawa uku, ta kuma saba da aiki tare da ita har ta kasa daidaituwa in babu. A farko yana sha ne don ya ji daɗi. Yanzu yana sha ne don ya iya tashi daga kan katifa, ya ci abinci, ya yi magana da mutane. Da yawansu za su gaya miki sun daɗe ba su ji wata buguwa ba.

Wannan bai wanke shi daga ƙarya da ɗauke-ɗauken da ya yi a gida ba. Amma yana nuna cewa rantsuwa da kuka da duka ba su taɓa inda ciwon yake.

Me ke faruwa idan ya daina lokaci guda? Zai iya mutuwa?

Bayan awa 8 zuwa 24 da shan na ƙarshe, sai hamma da hawaye da majina su fara, sai gumi, tsigar jiki na tashi, ciwon ƙashi da gaɓoɓi, murɗawar ciki, amai da gudawa, ƙafafu ba sa zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Ga matashi mai lafiya ba kasafai yake kisa ba, sai in amai da gudawa sun ƙarar da ruwan jikinsa ba a kula ba. Ga mai juna biyu, da mai ciwon zuciya, da tsoho, haɗarin ya fi haka.

Tiramadol yana da nasa hali. Yawan shansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, barinsa kwatsam kuma kan zo da firgici da ruɗewa, wani ma har da gane-gane, sai a gida a ce aljanu ne. Wanda kuma yake haɗawa da diyazifam ko rochi ko giya kullum, kada a kuskura a yanke masa su dare ɗaya a gida, domin barin waɗannan na iya kawo jijjigar da ke kisa.

Mun ji ana wankin jini. Idan aka kwantar da shi mako biyu aka yi masa ƙarin ruwa, ba shi ke nan ba?

A nan ne iyalai suka fi yin asara, ta kuɗi da ta rai. Babu ruwan da ke wanke ƙwaya daga jini. Hanta da ƙoda ne ke fitar da ita, kuma cikin 'yan kwanaki sun gama. Abin da asibiti ke yi a wannan zango shi ne sauƙaƙa wahalar: maganin amai, na gudawa, na ciwon jiki, da wani magani mai suna kilonidin da ke rage gumi da bugun zuciya, ko a ba shi ɗaya daga cikin magungunan da ke ƙasa ana ragewa sannu a hankali. Aiki ne mai amfani, amma shi ne mafi sauƙi a cikin jinyar.

Jini ya tsarkaka, ƙwaƙwalwa ba ta koma daidai ba. Watanni za su shuɗe yana fama da rashin barci, da ƙunci, da saurin fushi, da ƙwaɗayin da ke taso masa da zarar ya bi ta layin da ya saba saya ko ya ji muryar abokin shansa. Mafi yawan waɗanda aka yi wa wannan fitar da ƙwaya kaɗai, ba tare da wani abu ya biyo baya ba, suna komawa.

Kuma komawar ce abin tsoro. Wanda ya yi wata guda bai sha ba, jikinsa ya zubar da juriyar da ya tara. Idan ya dawo ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. An daɗe da tabbatar da cewa makonnin farko bayan fitowa daga gidan yari ko cibiyar jinya su ne lokacin da aka fi mutuwa. Iyali na murna an dawo da yaro ya yi ƙiba ya yi fes, alhali a wannan makon ya fi kusa da kabari fiye da lokacin da yake sha kullum. Duk cibiyar da za ta sallami mutum ba ta gaya masa wannan ba, ba ta kuma tsara abin da zai biyo baya ba, aikinta rabi ne.

To waɗanne magunguna ne ake bayarwa na dogon lokaci?

Uku ne.

Metadon shi ne mafi daɗewa. An haɗa shi a Jamus a ƙarshen shekarun 1930, amma likitoci biyu a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, su ne a tsakiyar shekarun 1960 suka nuna cewa idan aka ba mai shan hiroyin shi kullum a ma'auni tsayayye, yana daina farautar ƙwaya ya koma aiki. Shi ma ɗan dangin ofiyom ne, sai dai yana shiga jiki a hankali ya daɗe, sha ɗaya ya kai mutum kwana guda. Ana farawa da kaɗan, bai wuce miligiram 30 ba, a riƙa ƙarawa cikin makonni, yawancin mutane su daidaita tsakanin 60 da 120. Makonni biyun farko su ne masu haɗari, domin yana taruwa a jiki, shi ya sa ake shansa a gaban ma'aikacin lafiya. Maganin tarin fuka mai suna rifamfisin da wasu magungunan ƙanjamau suna rage masa ƙarfi, don haka dole likita ya san duk abin da mutum ke sha.

Bufrenofin ana sa shi a ƙarƙashin harshe ya narke. Yana kama guraben nan da ƙarfi amma ba ya kunna su gaba ɗaya, saboda haka haɗarin tsayar da numfashi ya yi ƙasa da na metadon. Faransa ta buɗe wa likitocin unguwa damar rubuta shi a tsakiyar shekarun 1990, mace-macen masu shan hiroyin kuma suka ragu ƙwarai, Amurka ta amince da shi a 2002. Ma'auninsa yawanci miligiram 8 zuwa 24 ne a rana. Sharaɗinsa ɗaya: ba a fara shi sai alamun rashin ƙwaya sun bayyana a jiki. In aka yi gaggawa, zai ture ƙwayar da ke gurbin ya jefa mutum cikin azabar da ta fi wadda ake gudu. A wasu ƙasashe akwai allurarsa ta wata-wata.

Naltirekson daban yake. Toshe guraben yake yi, ko mutum ya sha kodin ba zai ji komai ba. Ba ya sa maye, ba a kuma sabawa da shi. Amma sai an yi kwana 7 zuwa 10 babu ƙwaya a jiki kafin a fara, kuma ba ya riƙe mutum: ranar da ya so komawa, sai ya bar haɗiyarsa. Ya fi dacewa da wanda ya ƙudiri niyya, yana da aikin da yake tsoron rasawa, kuma akwai wanda zai tsaya ya ga ya haɗiye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa metadon da bufrenofin cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba tun 2005, a 2009 kuma ta fitar da ƙa'idar da ta ce a haɗa su da tallafin tunani da na zamantakewa.

Wannan ba musanya ƙwaya da ƙwaya ba ne?

Ku dubi rayuwar mutumin kafin ku yanke hukunci. Mai shan ƙwayar titi yana tsakanin buguwa da azaba sau uku ko huɗu a yini, bai san abin da aka cusa a cikin abin da ya saya ba, tunaninsa duka na kan kuɗin na gaba. Wanda aka daidaita wa metadon ko bufrenofin yana sha sau ɗaya, ba ya tangaɗi, ba ya gyangyaɗi, yana buɗe shago, yana zuwa makaranta. Gaskiya ne jikinsa ya dogara da maganin, in ya yanke zai ji a jikinsa. Mai ciwon sukari ma haka yake da allurar insulin, ba wanda ke ce masa ɗan ƙwaya.

Abin da ya fi nauyi a mizani shi ne rai. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa masu kan waɗannan magunguna biyu, haɗarin mutuwarsu ya ragu da kusan rabi ko fiye, kuma ga masu allura, kamuwa da ƙanjamau da ciwon hanta na raguwa. Babu nasiha ko horo da aka gwada da ya kai wannan.

Addini ya yarda a yi magani da abin da ke iya sa maye?

Wannan tambaya ce ta malamai, kuma ya kyautu mutum ya kai ta ga malamin da ya fahimci yadda maganin ke aiki. Abin da za a iya faɗa shi ne ƙasashen Musulmi sun daɗe da shiga wannan hanya. Iran na da ɗaya daga cikin manyan shirye-shiryen metadon a duniya. Maleshiya ta fara nata a 2005, har aka kai ga ba da shi a harabar wani masallaci a Kuala Lumpur, ana haɗawa da karatu da nasiha. Hujjar da ake kafawa ita ce lalura, da kuma cewa a ma'aunin likita ba ya gusar da hankali. Batun azumi kuwa, tunda sau ɗaya ake sha a yini, ana iya tsara lokacin tare da likita kafin watan ya kama.

Shekara nawa zai yi yana sha?

Babu adadi ɗaya. 'Yan watanni ba sa isa ga yawancin mutane, ana maganar shekara ne zuwa sama, wasu shekaru masu yawa. Lokacin ragewa shi ne sa'ad da ya sami abin yi, gida ya zauna lafiya, ya rabu da tsohuwar majalisa, kuma shi da kansa ya nema. Ana ragewa cikin watanni. Matsin lambar dangi na "har yanzu ba ka gama da maganin nan ba?" ya mayar da mutane da yawa gidan jiya.

Nawa tiramadol ne kawai, don in jure aikin gini. Ni ma sai metadon?

Ba lallai ba. Wanda bai daɗe ba, kuma ba ya shan mai yawa, sau da yawa ragewa a hankali ƙarƙashin kulawar likita tare da zaman shawara sun wadatar. Amma kada kalmar "kawai" ta ruɗe ka. Ƙarfin da doka ta amince da shi a Najeriya miligiram 50 ne da 100, wanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa kuwa 200 ne ko 225 ko 250. Mai haɗiyar huɗu ko biyar irin waɗannan a yini ya yi nisa, kuma idan ya gwada bari sau da dama ya kasa, bufrenofin na iya zama abin da ya dace da shi inda ake samu.

In magani na aiki haka, meye amfanin zama da masanin halayya?

Magani na kashe ƙwaɗayin jiki, amma bai san dalilin da ya sa aka fara ba. Matar da ta fara shan kodin a ɗakinta saboda zaman kishi da kaɗaici, da saurayin da ya gama digiri shekara biyar babu aiki, da wanda ya ga an kashe nasa a gabansa a rikicin Barno ko Zamfara, duk za su koma gida su tarar da abin da suka gudu daga gare shi yana nan.

Zaman ba wa'azi ba ne, ba kuma faɗa ba. Akwai salon da ake bi a jawo mutum ya faɗi dalilansa na son canji da bakinsa, domin wanda aka yi wa dole yakan ce to ya tafi ya ci gaba. Akwai salon gyaran tunani da ɗabi'a, inda za a zauna a tantance abin da ke tayar masa da ƙwaɗayi: wane lokaci, wane wuri, wane mutum, wane ɓacin rai, sannan a shirya abin da zai yi a minti ashirin ɗin da ƙwaɗayin ke kan ganiyarsa kafin ya sauka. Har yadda zai amsa wa abokin da ya miƙo masa kwalba ana gwadawa a ɗakin. Akwai tsarin ba da ɗan tukuici duk lokacin da gwajin fitsari ya fito babu ƙwaya. Wasu na yi masa kallon cin hanci, amma yana cikin hanyoyin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsu. Akwai kuma zaman rukuni na waɗanda suka daina, inda mutum ke jin labarinsa a bakin wani.

Sai a bincika ko akwai ciwon damuwa ko firgici a ƙarƙashi, a yi maganinsa. Sai sana'a. Wanda ya tashi da safe ba shi da inda za shi, ƙafarsa ta san hanya.

Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye: idan mutum ya ƙi zuwa zaman shawara, wannan ba dalili ba ne na hana shi magani. Ya zauna da rai tukuna, shawarar ta biyo baya.

Mu a gida me za mu yi?

Ku zaɓi mutum ɗaya da yake jin maganarsa ya riƙa raka shi asibiti. Ku daina ba shi tsabar kuɗi, ku saya masa abin da yake bukata. Ku daina biyan bashin dila a ɓoye don gudun abin kunya. In an ba shi magani ya zo da shi gida, a kulle shi, domin kurɓi ɗaya na metadon na iya kashe ƙaramin yaro. Gori a gaban ƙanne da baƙi ba ya gyara kowa. Kuma kada a yi masa aure a matsayin magani, 'yar mutane ba ma'aikaciyar jinya ba ce.

Gidan mari fa? Maƙwabcinmu ya kai nasa ya dawo shiru-shiru.

A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum kusan 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka, bayan 'yan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, sun rasa inda za su ne. Amma sarƙa tana hana mutum isa ga ƙwaya ne kawai muddin tana ƙafarsa. Ranar da aka kwance, ga ƙwaɗayi yana nan, ga juriyar jiki ta tafi, ga ƙullin da ya ƙulla da iyayensa. Addu'a da karatu da kusantar malamai na gari suna ƙarfafa mai jinya sosai, kuma babu likitan kirki da zai hana. Duka da yunwa ne ba su da gurbi.

Matata na da ciki kuma tana shan kodin. Ta daina yau?

Kada ta yanke da kanta. Azabar rashin ƙwaya na iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci. Ku gaya wa likitan awo gaskiya. Abin da aka fi so ga mai ciki shi ne metadon ko bufrenofin har ta haihu. Jaririn na iya nuna alamu a kwanakin farko, kuka mai tsanani da rawar jiki da ƙin kama nono, ana kuma magance su a asibiti. Shayarwa tana halatta a kan magungunan biyu, tana ma sauƙaƙa wa jaririn.

Mai sikila da ya saba da allurar fenta, shi ma ɗan ƙwaya ne?

Ciwonsa na gaskiya ne, kuma yawanci a gadon asibiti ya fara sanin allurar. Matsalar takan fara ne lokacin da ya koma yi wa kansa a gida, har cinyoyi da damatsa su yi tauri su ɓarke da gyambon da ba ya warkewa. Jinyarsa sai an haɗa likitan jini da likitan ƙwaƙwalwa, domin in aka cire fenta ba a tanadi abin da zai tare ciwon in ya tashi ba, zai koma, kuma da hujjarsa.

Ya yi wata shida lafiya, sai ya sake sha. Jinyar ta rushe ke nan?

A'a. Ku koma wurin likita a makon, a duba abin da ya jawo, wataƙila ma'aunin ya yi kaɗan ko wani abu ya faru. Abin da ake gudu shi ne kunya ta sa ya ɓoye har zamiya ɗaya ta zama wata uku.

Yaya zan gane ya sha fiye da kima, me kuma zan yi?

Alamu uku: ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashi ya yi ƙasa sosai ko yana wani irin minshari mai kama da shaƙewa, ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama ɗigo. Leɓe da farce na iya yin duhu. Kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, zai shiga huhu. A kwantar da shi ta gefe, in numfashi ya tsaya a hura masa iska baki da baki, a garzaya asibiti, a kuma faɗi abin da ya sha.

Maganinsa nalokson ne, allura ko feshin hanci, yana farfaɗo da numfashi cikin minti biyu zuwa uku. Ƙarfinsa na ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuma na iya fin haka daɗewa, don haka ko ya farka ya ce ya warke, a bar shi a asibiti.

Ina za mu je?

Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano suna karɓar masu wannan matsala, haka ma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, da layin kira kyauta, 0800 1020 3040.

Metadon da bufrenofin har yanzu suna da wuyar samu a arewacin Najeriya, alhali Tanzaniya ta buɗe sashen metadon a asibitin Muhimbili da ke birnin Dar es Salaam tun 2011, Kenya da Senegal suka bi a 2014. Saboda haka ku tambaya kai tsaye: wane magani kuke da shi, me zai biyo bayan sallama, sau nawa zai riƙa dawowa, akwai zaman iyali, ana gwajin ƙanjamau da ciwon hanta? Ku tafi da kwalaye ko kwalaben abin da yake sha, ku kuma bar shi ya shiga wurin likita shi kaɗai na ɗan lokaci, domin akwai adadin da ba zai taɓa faɗa a gaban mahaifiyarsa ba, likita kuwa da wannan adadin zai auna magani.